Romon kaza da lemun tsami da taliya a tukunyar furesha: a haɗa komai ne ko a raba?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. An sallamo Hajiyarmu, mahaifiyar maigida, daga asibiti, likita ya hana ta yaji da maiƙo, ita kuma bakinta ya ƙi karɓar komai. Ina so in yi mata romon nan na kaza da lemun tsami da 'yar taliya mai siffar ƙwayar shinkafa, wanda ake cewa na mutanen Girka ne. Tukunyar furesha, wato mai dafa abinci da matsin tururi, ta lantarki gare ni. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wasu sun ce a zuba kaza da taliya da lemun duka a rufe, minti 5 an gama. Wasu kuma sun ce sai an raba, har da ƙwai ake sawa. Don Allah wadda ta saba yi ta warware min.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanwata, ki raba. Aikin tukunyar furesha a girkin nan kaza ce da romonta, shi ke nan. Taliya da ƙwai da lemun tsami duk sai bayan kin buɗe murfi.

Ga yadda nake yi. Cinyoyin kaza da ƙashinsu kamar kilo 1, ki cire fatar tunda an hana ta maiƙo. Albasa babba guda a yanka, karas 2, seleri in kina da shi, tafarnuwa 3, ganyen bay 1, masoro kaɗan, gishiri. Ruwa lita 1 da rabi zuwa 2. Kada ki rufe tukuna. Ki bar shi ya tafaso a buɗe, za ki ga wani kumfa mai ruwan toka yana taruwa a gefe-gefe, ki bi shi da ludayi ki kwashe har sai saman ruwan ya yi tas. Matakin nan mutane ke tsallakewa, alhali da kin rufe ba sauran damar kwashewa, kumfan zai koma cikin romon ya dagula shi, ga ƙarni. Bayan nan ki rufe, minti 10 zuwa 12 in kazar gidan gona ce. In lokaci ya cika kada ki saki tururi nan take, ki ba ta minti 10 ta huce da kanta. Ki tsame kazar ki yagalgala ta, ki tace romon ki mayar tukunya, ki kunna ta a buɗe, ki zuba taliyar kamar kofi ɗaya ba cikakke ba ta dahu a ciki. Maganar ƙwai kuma zan dawo mata, ina kan aiki.

Zee Gwarinpa:
Anti Bilki, da girmamawa, amma in za a bi duk wannan to mene ne amfanin sayen tukunyar? Ni ƙarfe shida nake shigowa gida. Ƙirjin kaza nake yankawa ƙanana, in soya albasa a cikin tukunyar, in zuba ruwa da taliya, minti 4, in saki tururi, in matse lemun a kai. Yara suna cinyewa tas.

Anti Bilki:
Zee, ai ko ke ɗin lemun a ƙarshe kike matsawa, kin ga mun haɗu a rabin hanya. Naki abinci ne, ana ci a ƙoshi. Sai dai romon minti 4 da ƙirjin kaza ba shi da jiki. Ƙashi da guringuntsi ne ke ba romo wannan danƙon da za ki ji yana ɗan manne leɓe, kuma ƙirji ba shi da su. Mara lafiya romon take nema fiye da tsokar.

Hajiya Iya:
Allah ya ba ta lafiya. Ni tambayata, me ya kawo kazar gidan gona cikin abincin mai jinya? 'Yata, ki aika kasuwa a yanko miki kazar Hausa, ko tsohuwar kaza mai ƙwai. Nan ne tukunyar taku za ta nuna amfaninta, don kazar da za ta cinye miki awa biyu a kan gawayi, rabin awa ya ishe ta a furesha. Romonta rawaya shar, ƙamshi tun daga zaure.

Anti Bilki:
Gaskiyar Hajiya ce. In kazar Hausa ce a ba ta minti 25 zuwa 35 gwargwadon tsufanta, a bar tururin ya sauka da kansa gaba ɗaya. Wannan ma wani dalili ne na rabawa: taliyar da ke nuna cikin minti 8 zuwa 10 a buɗaɗɗiyar tukunya, in ta yi rabin awa a rufe ai ta zama talge. Sai kuma a kwashe man da ya taso sama da cokali saboda umarnin likita.

Malamar Kimiyya:
Bari in ɗan saka baki ta fannin da na sani, don akwai batun tsaro a maganar Zee. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas komai wutar da kika ba shi. Idan aka toshe wa tururi hanya sai matsi ya ƙaru, ruwan ya kasa tafasa sai ya haura haka. Tukwanen kan gas masu ƙarfi suna kai wa kusan digiri 120, na lantarki irin Instant Pot kuma suna ɗan ƙasa da haka, wajen 115 zuwa 118. Shi ya sa in kika ɗauki lokacin da aka rubuta don ta kan gas, a ta lantarki sai kin ɗan ƙara. Dabarar tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera ta farko a 1679, kuma abin da ya fara nunawa da ita shi ne tausasa ƙashi.

Inda haɗarin yake: ruwan da ke digiri 117 a rufe, da kin buɗe masa hanyar tururi lokaci guda sai ya ɓarke da tafasa da ƙarfi. In ruwa ne zalla ba komai, tururi ne zai fita. In akwai sitacin taliya a ciki kuwa, kumfa zai yi ya hau sama ya biyo hancin tukunyar, ya yi ta fesowa da zafinsa, wani lokaci ya toshe ƙofar. Don haka ƙa'idar ita ce kada a cika tukunya fiye da kashi biyu cikin uku, in kuma abu ne mai kumfa kamar wake, shinkafa ko taliya, kada a wuce rabi.

Zee Gwarinpa:
Malama, wannan feshin na san shi. Tawul nake yafawa a kai.

Malamar Kimiyya:
Don Allah ki daina rufe hancin da tawul, hanyar numfashinta ke nan. In dole sai kin dafa taliyar a rufe, ki ba ta minti 5 ta lafa, sannan ki riƙa buɗewa kaɗan kina mayarwa har ta sauke. Kuma kafin kowane girki ki ɗaga murfin wajen haske ki leƙa ramin, ki tabbata kina hango waje ta cikinsa.

Maman Tagwaye (Landan):
Salamu alaikum. Na ga an ambaci Girka shi ya sa na tsaya. A arewacin Landan akwai Girkawan Saifurus da yawa, musamman wajen Palmers Green, kuma a hannun wata dattijuwa maƙwabciyata na koyi romon nan. Avgolemono suke ce masa. Maman Haidar, ki sani iri biyu ne ke yawo. Wanda Zee ke yi, romo garai-garai da lemun a kai, ya fi yawa a girke-girken Amurkawa. Na Girkawa na asali kuwa ƙwai ne ginshiƙinsa, kuma sau da yawa ma da shinkafa suke yi, taliyar da suke kira kritharaki zaɓi ce. Shi suke ba mai mura da mai jinya. Haɗin ƙwai da lemun nan shi ne kuma suke kaɗawa a magiritsa, romon kayan cikin rago da suke buɗe baki da shi a daren Ista bayan dogon azuminsu. Turkawa ma suna da irinsa, terbiye.

Abin da na gani da idona: takan fasa ƙwai 3 a kwano mai zurfi, ta kaɗa har ya yi fari ya kumbura, sannan ta tsiyaya ruwan lemun tana ci gaba da kaɗawa. Sai ta kashe wutar romon. Hannun hagu ludayi, hannun dama maburgi. Ludayin farko a siririn zare take zuba shi, ba ta tsayar da kaɗawa ko kaɗan. Na biyu, na uku, har na huɗu, tana taɓa gindin kwanon da tafin hannu. Sai ta ji kwanon ya yi zafin da ba za ta iya riƙewa da daɗewa ba, sannan ta juye shi cikin tukunya tana juyawa. Nan take romon ya tashi daga ruwa ya koma fari-fari mai santsi, sai ki rantse an zuba madara, alhali ko ɗigo babu.

Hajiya Iya:
To ni nan ne hankalina bai kwanta ba. Wuta a kashe, ƙwai ɗanye, a ba tsohuwar da ta fito daga asibiti? Ku duba lamarin nan da kyau.

Malamar Kimiyya:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma bai kamata a wuce ta ba. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun wajen digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma 65 zuwa 70. Mizanin da ake bayarwa na abincin da aka haɗa da ƙwai shi ne ya kai digiri 71, kaza kuma 74. Romon da aka sauke yanzu daga tafasa ya haura 90, ko an juye masa haɗin ƙwai yawanci yana nan sama da mizanin. Amma saboda mai jinya kada a tsaya a kan zato. Bayan an juye, a mayar kan wuta 'yar ƙarama a yi ta juyawa minti 2 zuwa 3. Alamar ya yi ita ce tururi na tashi sosai, kuma in kika tsoma cokali kika ja yatsa a bayansa, layin zai tsaya bai rufe ba. Abin da ba a so shi ne ya ɓararraka, a nan ne ƙwan zai tsinke ya yi gudaji.

Maman Haidar, ke mai ta lantarki ki kula: maɓallin suya yana da zafi ƙwarai, kuma farantin ƙasa yana riƙe zafi ko bayan kin kashe. Ki zaro tukunyar ciki ki ajiye a gefe kafin ki zuba ƙwan, sannan ki mayar a mafi ƙarancin zafi.

Hajiya Iya:
To madalla, in dai za a mayar wuta na yarda. Allah ya yi albarka.

Anti Bilki:
Na dawo, na tarar Maman Tagwaye da Malama sun gama min aikin. Abu ɗaya zan ƙara, dalilin da ya sa na ce a dafa taliyar a cikin romon maimakon a wani ruwa daban. Sitacin da take saki yana taimakon ƙwan, yana hana shi saurin tsinkewa, kuma yana ƙara kauri. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna tana iya dama ƙaramin cokali na garin sitacin masara a cikin ruwan lemun kafin ta haɗa da ƙwai, zai ba ta kariya.

Batun lemun kuma ina da zafi a kansa. Ina ganin hotuna ana jera yankakken lemun da ɓawonsa a kan kaza a rufe tukunya. A hoto yana da kyau, a baki ɗaci ne. Farin nan da ke ƙarƙashin ɓawo da 'ya'yan ciki su ne matattarar ɗaci, zafin furesha kuma tatso shi yake yi har ƙarshe, kuma ba sukari ba gishirin da zai gyara. Shi kansa ruwan lemun in ya daɗe a wuta ƙamshinsa gudu yake, tsamin kawai ke saura. Ai ko a kunun gyaɗa sai an zo saukewa ake zuba tsami. In kina son ƙamshin ɓawon, ki kankare koren ko rawayan saman kawai da abin goga, ki watsa a ƙarshe.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Wane lemun ke nan? Namu ƙanana kore ne a nan, babban nan rawaya sai manyan kantuna kuma da tsada.

Maman Tagwaye (Landan):
Girkawa babban rawayan suke amfani da shi, guda 2 ga ƙwai 3. Guda ɗaya yakan ba da kamar cokali 3 na cin abinci.

Ummu Yasmin:
Namu ƙananan ma suna yi, kada ki wahalar da kanki. Na yi zaman karatu a Alƙahira, kuma can ƙaramin lemun irin namu suke matsawa a shurbar lisan asfur, wadda ita ma wannan taliyar ce a romon kaza, sai dai ba ƙwai. Da azumi da wuya ki shiga gida ba ki same ta a kan tabarmar buɗe baki ba, ita ko shurbar adas, wato romon wani ƙaramin wake da suke kira adas. Namu ya fi kaifi da ɗan ɗaci-ɗaci, don haka ki auna da cokali maimakon ƙirga 'ya'ya. Ki fara da cokali 4, ki ɗanɗana bayan kin haɗa, ragowar ki yanka ki ajiye a gefen kwano kowa ya ƙara daidai bakinsa.

Ga wata dabarar Misirawa da za ta yi wa Zee amfani. Su soya taliyar suke yi tukuna a ɗan man shanu, suna juyawa har ta yi ja-ja tana ƙamshi, kafin su zuba romo. Soyayyar taliya ba ta saurin narkewa, kuma ba ta sakin sitaci da yawa. Suna jefa 'ya'yan habbahan 2 ko 3 a romon, wato hel, kayan ƙamshin da Turawa ke kira cardamom, yana kashe ƙarni sosai.

Zee Gwarinpa:
Wannan ta yi min. Ke nan in na soya ta da albasar, kumfan ma zai ragu?

Ummu Yasmin:
Zai ragu, amma ba zai ɓace ba. Maganar Malama ta rabin tukunya tana nan.

Anti Bilki:
Ummu Yasmin, soyawar tana da daɗi, ban musa ba, sai dai ta canza romon. Launin zai yi duhu, ɗanɗanon suya ya danne sanyin lemun da ƙwai. In na Masar za a yi a soya, in na Girka ne ni ba na soyawa. Ga Hajiyar da aka hana maiƙo ma gara a bar ta fara.

Amaryar Jos:
Ni tawa ta kan gas ce mai usur, Hawkins. Usur nawa ne minti 10?

Malamar Kimiyya:
Ƙirga usur ba ma'auni ne tsayayye ba, don yawansa ya danganta da ƙarfin wutarki da yawan ruwan. Ki jira na farko, shi ne shaidar matsi ya cika. Daga nan ki rage wuta ki duba agogo. Kuma ke da ke Jos, tsayinku ya haura mita 1,200, ruwa a buɗe yana tafasa wajen digiri 96, don haka taliyarki za ta ɗan fi jinkirin nuna, ki riƙa ɗanɗanawa. In tukunyar taki ta alminiyam ce, kada romon ya kwana a ciki bayan an sa lemun. Tsami yana cin alminiyam, ya dusashe launin abinci ya sa masa ɗanɗanon ƙarfe. Ki juye a kwanon tangaran.

Amaryar Jos:
Ta alminiyam ce kuwa. Na gode Malama.

Maman Haidar:
Saura taliyar. Na tambaya a shagunan unguwa ba su san ta ba.

Ummu Yasmin:
A kantunan Larabawa da manyan shaguna za ki ga an rubuta orzo ko risoni a jikin leda. In babu, ki kakkarya siririyar taliya gajeru-gajeru, tsawon gaɓar yatsa, ta wadatar.

Hajiya Iya:
Ko ta sa 'yar shinkafa, tunda an ce masu abin ma haka suke yi. Tsohuwa za ta fi sanin shinkafa a bakinta. Kuma ku bar mata ɗan citta a romon, ba yaji ba ne mai tayar da ciki, yana buɗe baki.

Maman Tagwaye (Landan):
Citta babu shi a na Girkawa, amma yanka ɗaya siriri ba zai ɓata ba, sai a tsame lokacin tacewa. Su ganyen dil suke watsawa a kai, ko faski. Abin da zan roƙa shi ne a bar kori da tayim da tarin dunƙule. Romon nan abu uku ake son ji: kaza, lemun, santsin ƙwai. Masu lafiya a gida a ajiye musu dakakken yaji a gefe.

Maman Haidar, ki kuma tambayi likitanta batun tsami da gishiri. In tana da gyambon ciki lemun zai iya tayar mata, sai ki rage sosai.

Zee Gwarinpa:
To ni ga inda na tsaya. Ranar aiki zan ci gaba da nawa na tukunya ɗaya, da soyayyar taliya kuma ba tawul. Ranar Asabar zan gwada na ƙwan. Amma ku gaya min, in ya ragu ya ake yi? Ni girkin kwana biyu nake yi.

Anti Bilki:
A nan rabawar ta fi yi miki amfani ma fiye da kowa. Taliya ba ta daina shan ruwa ko a firij, romon da kika ajiye da dare da safe za ki tarar ya daskare ya zama dunƙule. Don haka ranar Asabar ki dafa kaza da romo da yawa a furesha, ki tace, ki raba a robobi, naman daban. Romo zalla yana kwana 3 zuwa 4 a firij, a firiza kuma watanni, in wuta na tsayawa. Duk ranar da za a sha sai ki ɗebi na ranar, taliya minti 8, ƙwai ɗaya da lemun, kafin ki canza kaya an gama.

In kuma wanda aka riga aka haɗa ne ya ragu, kada ya wuce awa 2 a waje, da zafin garinmu ma awa ɗaya. Wajen ɗumamawa ki ƙara ɗan ruwa ko romo, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa har ya yi zafi sosai ba tare da ya tafasa ba. Kada ki mayar da shi furesha ki rufe, kuma kada ki sa shi a firiza, ƙwan rabuwa yake da ruwan in ya narke.

Amaryar Jos:
Anti, in ƙwan ya riga ya yi gudaji fa, zubarwa za a yi?

Anti Bilki:
A'a, lafiyarsa ƙalau, kyan gani ne kawai ya tafi. Ki sauke nan da nan, ki tace ruwan daban da nama da taliya, ki zuba masa ɗan ruwan sanyi, ki markaɗa shi a bilenda kaɗan-kaɗan, kada ki cika ta, ki ɗan ɗaga murfin don tururi ya samu hanya. Sai ki mayar da naman da taliyar ciki. Ba zai kai santsin na farko ba, amma zai haɗe.